Motoci Goma Sha Ɗaya, Fenti Ɗaya

Zuwa ga 'yata, wadda yanzu ake kira Manaja,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tela maƙwabcina ke rubutawa, ni nake faɗa. Wayarki kuwa ba zan ɗauka ba, kin fi ni baki.

Littafin da mai zanen nan naku ya haɗa ya iso, tela ya karanta mini. Wai shuɗi ɗaya tak, har lamba gare shi. Rubutu iri ɗaya a jikin mota, a tikiti, a rigar direba, har allon ofis. Tambari kuma taƙi biyu daga ƙofa, kada a ƙara, kada a rage. To, sannunku da aiki!

Motocin haya goma sha ɗaya na damƙa miki, kowace da launinta. Goma sun dawo daga wurin fenti kamar 'yan makaranta a layi. Wa kika tambaya? Rawayar da ta rage, makullinta na aljihuna, kuma nan zai zauna.

Ki gaishe da jikokina, su ba su yi mini komai ba.

Mahaifinki.

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Na yi kuskure da ban zo na zauna da kai ba tun farko, ka yafe mini.

Amma Baba, fasinja ba sa gane motocinmu. Watan jiya wata jar mota, ba tamu ba, ta zubar da mutane a hanya, ofishinmu suka zo suka yi ta zagi. Kanti uku sun daina ba mu kaya saboda haka. Idan launi da rubutu da tambari suka zama ɗaya ko'ina, duk wanda ya hango mu daga nesa ya san mu ne. Sunanka nake karewa.

Direbobi sun ce kwana huɗu ba ka zo tasha ba. Tun ina goye ban taɓa jin ka fasa lodin safe ba. Lafiya?

'Yarka mai biyayya.

'Yata,

Na gaishe ki. Lafiyata lau, ki daina turo mini mai awon jini.

Tunda kin tambaya. Ran Litinin wata tsohuwa ta zo da jikarta mara lafiya, ta ce in nuna mata motar da ke bi ta asibiti. Shekara talatin da huɗu koriyar ce ke bin hanyar nan. Na duba, duk shuɗi. Na saka ta a ta farkon layi. Sai da suka kai gada direba ya gane ba motarsu ba ce, ya sauke su a rana.

Ya dawo yana ce mini a gaban kowa, "Haba Baba, ai ga shi nan a rubuce a goshinta!" A rubuce! Ke kin san ni da rubutu. Su ba su sani ba, don ban taɓa buƙatarsa ba. Yanzu masu lodi sun sani, mai shayi ya sani. Tela ya ajiye biro yana kallona, na ce ya rubuta.

Ki tambayi mai zanenki, cikin shafi arba'in ɗin nan, wanne ya yi domin wanda bai yi makaranta ba? Rabin fasinjanki irina ne. Ni na bar zuwa tasha.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wa mai zanen tambayarka kawai. Ya ƙara shafi: kowace hanya da farin hotonta babba, a goshin mota da kan tikiti. Shuɗin yana nan, ba zan ɓoye maka ba. Ga samfuri uku a ambulan: kifi, tulu, zakara. Sauran takwas kai za ka zaɓa, kuma a tasha za a yi zaɓen, da safe, gaban direbobi.

'Yarka.

Manaja,

Na gaishe ki. Shuɗin har gobe bai yi mini ba. Kifin ba laifi, tulun ma haka.

Amma wannan ba zakara ba ne, agwagwa ce. Idan aka manna ta a mota, ni za a yi wa dariya, ba mai zanen ba. Ki turo mini shi gida da fensirinsa ya zauna a tsakar gida ya kalli zakara da idonsa. In ya gama, sai mu wuce tasha tare.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.