Hawayen Inabin Baba

Madiya, Aljeriya
Ƙarshen watan Maris

Yaya Mas'ud,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Wardiya da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan ƙalau muke, sanyi ya sake mu.

Na san abin da kake jira. Alkawarin da Baba ya yi maka bayan gobarar bara yana nan: in sanyi ya wuce inabinmu bai farfaɗo ba, ka sayar da gonarmu ta kan tudu. Jiya muka hau dubawa.

Ni jikina a mace na tafi, tsohon naka kuwa yana gaba, sanda a kafaɗa. Hanyar ba wuya, ka san ta. Gonakin maƙwabta da wuta ba ta kai ba har sun fara toho. Amma dajin nan, Yaya! Itatuwa tsaye baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga ganye sabo fil yana ɓullowa daga cikin gawayin, ƙasa kuwa jajayen furanni iya ganin ido. Ni da ba a raba ni da surutu, sai ga ni tasbihi kawai nake.

Gonarmu kam ba kyan gani. Baba ya zaro wuƙarsa ya yanki reshe, busasshe ƙayau. Ya yanki wani, haka. Na ce, "Baba, mu koma kafin rana ta yi." Ya ce, "Ke da yayanki gaggawa ce ta haife ku. Wuta sama ta ci, ta shiga ƙasa ne?" Ya durƙusa ya tone da hannu, ya yanka can gindi. Muka zauna muka ci burodi da zaitun.

Sai ga ruwa garai-garai ya taru a bakin yankan, ya ɗiga. Ka san inabi mai rai kaɗai ke kuka in an yanke shi a wannan lokaci. Baba ya tara yatsa ya shafa a idanunsa, yadda marigayiya Inna take mana muna yara. Ya bi layi yana yanka yana ambaton Allah. Fiye da rabi sun yi kuka. Ni ma na taya su.

Ban ga laifinka ba, gwiwoyin Baba kake tausaya wa. Amma ka ba mai son sayen gonar haƙuri.

Ka shafa min kan yara. Baba ma yana gaishe ka, ya ce in za ka zo, ka taho da kayan aiki, fartanyarka na nan inda ka bar ta.

Ƙanwarka,
Baya