Kujerar Baba Ta Sake Jiƙewa

Umma,

Na fita aiki kina wanka. Wannan maganar ba zan iya faɗa miki ita ido da ido ba.

Da safe na tarar kujerar Baba ta sake jiƙewa. Na goge ta da ruwan kal da sabulu, na kai matashin rana ya bushe.

Amma Umma, anya magen ce? Tun jiya da rana ba ta fita daga ɗakina ba, ni na kulle ta. Warin ma bai kai nata ƙarfi ba. Sau uku ke nan, kullum kujera ɗaya. Sannan na ga wandon Baba a shanye a bayan ƙofar banɗaki. Yaushe Baba ya fara wanki da kansa? Kuma shi ya fi kowa matsawa a fitar da ita.

Don Allah kar ki bari Yaya ya tafi da ita yau. Maganar likita, ki yi wa Baba ku biyu kawai. In Yaya ya tambaya, ki ce magen ce, ni na roƙa a yafe mata.

Autarki