Jini Kafin Ƙashi

Baba,

Sallama gare ka a makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ko da an kai ma ba ka taɓa karanta boko ba. Amma yau dai ni zan yi magana kai ka yi shiru, tunda da ranka ba ka taɓa ba ni fili ba.

Gida lafiya. Bayan tafiyarka an ba mu jiha, yanzu mutanen Kebbi ake ce mana, sai dai ƙashi bai ji labari ba, yana ta karyewa kamar da. Zauren ɗorinka na nan a Aliero, ni ke zaune a ciki, da karanka da tsummokaranka da ƙwaryar man shanu.

Ka tuna ranar da na faɗo daga tsamiya ina yaro? An shigo da ni hannu yana lilo, a daidai lokacin da aka kawo wani mutumin Gehuru da sa ya soke. Kallo ɗaya ka yi mini, ka ture ni gefe da ƙafa, ka durƙusa a kansa. Na yi ihu har murya ta ɗauke. Kafin ka waiwayo ni hannun ya kumbura suntum, ɗori bai zauna ba, har yau a karkace yake. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, na ƙi jininka tun daga ranar. Duk alwalar da na yi sai na ga gwiwar hannun nan na tuna ƙafarka. Ranar jana'izarka idona ya yi kuka, hannun nan kuwa bai yafe ba.

Ka koya mini cewa aiki layi gare shi. Jini kafin ƙashi, mai shiru kafin mai ihu, kuma ba a duban fuska. Ka ce wanda ke da ƙarfin ihu yana da ƙarfin jira. Na haddace kamar karatun allo, ina cewa a raina dokar marar imani ce.

To, ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da kakar albasa, ranar kasuwar Jega, wata babbar mota da ta ɗauko kaya daga wajen Maiyama ta kife a bakin garinmu, da mutane a kan buhuna. Baba, ban taɓa ganin irin wannan ba. A amalanke aka riƙa kwaso su, jini da ɓawon albasa sun manne a jikinsu, wani ƙashin ya huda fata ya leƙo fari fat. Zauren ya cika da kururuwa. A cikinsu har da jikanka, mai sunanka da muke kira Abba, ya bi kawunsa Mani kasuwa. Ƙaurinsa ya karye, yana kirana da duk ƙarfinsa.

A jikin bango kuma ga wani Bafulatani da ban sani ba, ko uffan bai ce ba. Ƙarfe ya tsarge masa cinya, jini na tsartuwa, leɓensa ya yi fari. Na dubi ɗana, na dubi baƙon. Taura biyu ba ta taunuwa. Wallahi ban zaɓa ba, ƙafafuna ne suka zaɓa, kuma naka ne. Na tsallake Abba, na ɗaure cinyar mutumin da rawanina, na danna ramin da hannu biyu.

Mani ya haukace. Ya ja ni ta wuyan riga, ban saki ba. Ya zage ni, ya zage ka har cikin kabari. Sannan ya zaro ƙotar fartanya ya narka mini a gadon baya, ya sake narkawa, na uku ya same ni a baki. Na tofar da haƙori a kan tabarma, jinina yana ɗiga cikin na baƙon, ban ɗaga hannu ba sai da aka samo motar da ta kai shi asibitin Jega. Daga nan na bi sauran bisa layi. Da na iso kan Abba ya daina kirana, ƙafar ta kumbura, ido kawai ya zuba mini.

Na san wannan kallon, Baba. Ni na fara yin sa.

Bafulatanin ya rayu. Kwanan baya ya zo da rago yana godiya, yana takawa sak da ƙafafunsa. Abba na zaune a ƙofar zaure ya bi shi da ido, sannan ya miƙe ya shige gida yana ɗingishi. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ni. Uwarsa ta yi yaji zuwa Kimba, da ƙyar aka maido ta. Tsorona kada yaron nan ya binne ni da abin da na binne ka da shi.

Kai yaya ka yi da wannan kallon? Me ya sa ba ka taɓa cewa komai ba? Abu ɗaya nake tunawa. Bayan an kwance mini kara, kullum da safe sai ka kama hannuna ka murza shi da man shanu, fuska a murtuke, har damina ta zagayo. Ni a zatona aikinka kake dubawa. Yanzu kowace safiya nakan kama ƙafar Abba ina murzawa, shi yana kallon bango, ni kuma bakina ya ƙi buɗuwa. Ashe ba aiki kake dubawa ba.

Na yafe, Baba. Na makara, amma ka san gidanmu, namu ne ke zuwa ƙarshen layi. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa shi Abba kada ya jira sai na mutu.

Ɗanka mai karkataccen hannu,
Bello