Kan Baƙin Bijimi

Daren Alhamis, farkon damina, Kebbe

Da ƙyar nika riƙe alƙalami, sandar Baba ta kumbura mini hannu.

Da safe na ɗaura wa baƙin bijimin Baba da wani bijimi ɗan'uwansa karkiya, na gwada garmar shanun da malamin gona ya ba ni a Tambuwal. Kafin azahar mun tada kunyoyin da ni da ƙannena kan yi wuni biyu a kansu. Ina cikin murna sai ga Baba. Ko kallon gonar bai yi ba, igiyar da na zura a hancin bijimin ya ƙura wa ido.

"Wa ya huda mai hanci? Bijimina za ka maida jaki don ƙarfen Nasara?"

Na ce, "Baba, ka dai dubi aikin." Ban rufe baki ba ya sauke mini sanda a ka, ya ƙara a hannu, gaban matata da ta kawo fura. Jini har cikin idona. Ni da 'ya'yana uku! Wallahi hannuna ya tashi, Allah ne ya riƙe shi.

Bayan la'asar, bijimin nan da Baba ya yi kiwo tun shina maraƙi, wanda ko da yunwa bai yarda a sayar ba, shi ya sa wa wuƙa da kansa. Ya raba naman gida-gida.

Yanzu aka aiko mini da nawa rabon cikin kwando. Kan bijimin ne. Igiyata tana nan a hancin, bai kwance ta ba.