'Yar Tsana Marar Ido

Sersouf, daren Alhamis

Yau ban je shantiye ba, wurin ginin da nake aiki, siminti ya ƙare. Na zauna a ɗaki na ɗinka wa ɗiyata Hadiza 'yar tsana da tsohuwar safata, irin wadda ake zura hannu a ciki a motsa bakinta. Shekara biyu rabona da Damagaram, kuma duk na kira ta bidiyo sai yarinyar ta ɓuya bayan uwarta.

Na yi mata kallabi da ƙyalle, na cire maɓallan rigata biyu na sa mata idanu. Malam Isa, abokin ɗakina, ya ɓata rai ya ce, "Ɗan'uwa, cire idanun nan. Mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da sura, kuma nan muke salla." Ban ji daɗi ba, amma ya girme ni, sai na tsinke zaren.

Bayan magariba na kira gida. Na ɓoye fuskata, na ɗaga safar, na ƙanƙance murya na ce, "Hadiza, gobe zan zo gidanku!" Ta yi dariya. Wallahi ban taɓa jin dariyarta haka ba. Sai ta matso kusa da wayar ta ce, "Ba ta da ido, yaya za ta gane hanya?" Sannan ta ce, "Baba, kai ma naka aka cire?"

Uwarta ta karɓe wayar.

Maɓallan suna hannuna har yanzu. Ban mayar wa rigar ba.