A Ɗauke Malam Sabi'u Daga Tagar Yankan Kati

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Lafiya na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, da iyali da ɗawainiyar jama'a.

Sunana Binta. Ni ce mai awon ciki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, wanda ke bayan makarantar firamare in an sauka daga titin Gezawa. Shekarata goma sha ɗaya a wannan ɗaki, ban taɓa kai ƙarar abokin aiki ba. Wannan karon sau biyu ina rubutowa ta hannun shugaban asibitinmu, takardun suna nan a aljihun teburinsa ƙarƙashin cajar waya, na gan su da idona. Shi ya sa na fito fili. In da laifi a hakan na ɗauka.

Maganar a kan Malam Sabi'u ce, mai yankan kati, wanda aka turo mana bara bayan Baba Ilu ya yi ritaya. Zan fara da ƙanana, don kada a ce na ɓoye su.

Na ɗaya, gyaɗa. Kullum aljihunsa cike yake da ita, a kan rajista yake ɓarewa, ɓawon kuma akwatin katuna ne mazubinsa. In gyaɗa ta ƙare sai goro, yana tauna yana tsartar da yawu ta taga, har bangon ya rine ya yi ja. Audugar da muke lallaɓawa don allura, da ita yake goge takalminsa.

Na biyu, waya. Katako ne kawai tsakanin tagarsa da ɗakin awo. Sai in kafa kunne a cikin mace ina neman bugun zuciyar jariri, abin da zan ji shi ne muryar wani ƙato yana tambayar kuɗin buhun taki, don Malam Sabi'u ba ya sauraron saƙo sai ya ƙure murya. In na ƙwanƙwasa katakon ya ce ai shi ma aiki yake yi.

Na uku, da damina sai ya biya ta gonarsa tukuna, ya iso ƙarfe goma da laka har ƙwauri, mata suna zaune tun bakwai ba kati. Ya buɗe mini kwanon abinci ba sallama, ya ci, ya kuma ce gishiri ya yi yawa. Sunana a bakinsa "Likitan Birni", ni da aka haifa a bayan kasuwar garin nan.

Duk waɗannan na haɗiye su, kuma da su kaɗai ne wallahi ba za ka ji ni ba. Na huɗun ne ya hana ni barci.

Ranka ya daɗe ka san mutanenmu. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗinsa da bakinta, ko ga uwarta. Za ta zo cikin zurmemen hijabi, ta raɓe a ƙarshen benci, in an tambaye ta ta ce ba ta jin daɗi ne. Baba Ilu ya gane wannan. In ya ga irinsu ba ya tambayar komai, sai ya turo kati ta ƙasan taga ya ce a shiga wajen Binta, shi ke nan. Ni kuwa shekara da shekaru na yi ina bin gidaje, ina tsugunawa a zaure gaban magidanta, ina rantse musu cewa sirrin matansu ba zai wuce ɗakina ba. Da wannan rantsuwar aka cika mana benci ranar Laraba, ranar awo.

Malam Sabi'u ya zo da nasa tsarin. Sai ya leƙo ta taga ya ɗaga murya kamar mai shelar ɓatan akuya, ya ce masu ciki su ware gefen dama. Ba ya kiran mace da sunanta kaɗai, sai ya haɗa da na mijinta, ya tambayi wata nawa, a gaban maza masu jiran gwajin hawan jini da masu ciwon ido.

Akwai Saudatu, matar Musa mai gyaran babur, ko shekara ba ta cika da aure ba. Ni na je har gida na lallashe ta, sau uku ina komawa kafin ta yarda. Ranar da ta zo, sai aka yi rashin sa'a surukinta, mahaifin Musa, yana zaune a benci ya zo karɓar maganinsa. Ta rufe fuska ta wuce ta bayansa don kada ya gane ta. Tana isa taga Malam Sabi'u ya kware baki ya ce, "Saudatu matar Musa, awon ciki! Ashe Musa ba babur kaɗai yake gyarawa ba." Wasu samari suka kwashe da dariya. Dattijon nan ya sunkuyar da kai, ya lalubi sandarsa ya fita ko maganin bai karɓa ba. Ita kuma ta juya ta bar katin a taga. Ina ciki ina duba wata, kafin in fito ta yi nisa.

Na tare Malam Sabi'u bayan an watse, cikin mutunci, ban ɗaga murya ba. Ya ce raha ce, kuma ciki ai ba abin kunya ba ne tunda da aure aka same shi, ƙauyanci ne ke damunmu. Na kai wa shugaban asibiti, ya ce in yi haƙuri, haka Allah ya yi shi, mai barkwanci ne. Barkwanci da matar mutum a gaban surukinta? In 'yar Malam Sabi'u ce aka yi wa haka a bainar jama'a, ina so in ji ko zai kira shi raha.

Labarin ya zaga gari kafin la'asar, a bakin rijiya da wajen niƙa. Laraba ta zagayo, benci ya yi fili. Matan da suka haihu huɗu biyar suna zuwa, su sun daina jin kunyar kowa. Masu cikin fari kuwa, waɗanda su ne suka fi bukatar awon, ɗaya bayan ɗaya suka janye. Wani magidanci ya tare ni a hanya ya ce, Malama Binta ina rantsuwar da kika yi mini a zaure? Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a aikin nan.

Saudatu ba ta sake takowa ba. Yanzu cikin ya shiga wata na takwas. Shekaranjiya na ɗauki na'urar gwajin jini na bi ta gida bayan an tashi. Na tarar ƙafafunta sun kumbura takalmi ba ya shiga, fuskar ta cika, tana kukan ciwon kai, ta ce wani lokaci tana ganin wuta-wuta. Na gwada jininta sau biyu don ban yarda da na farkon ba. Ya hau sosai. Ranka ya daɗe ka fi ni sanin abin da ke biyo bayan wannan in aka bar shi, ka ga matan da ake kwasowa cikin jijjiga a bayan a-kori-kura. Tana bukatar gwajin fitsari da magani da dubawa a kai a kai, wataƙila ma takardar turawa babban asibiti, kuma duk sai an bi ta tagar nan an yanki kati. Uwar mijinta ta ce a bar ta, akwai jiƙo. Saudatu kuma ta ce mini, tana hawaye, gara ta haihu a ɗaka ko me zai faru da ta sake tsayawa gaban mutumin nan.

Ba na neman a kori Malam Sabi'u, yana da iyali. Abin da nake roƙo shi ne a ɗauke shi daga tagar kati a mayar da shi inda ba zai yi hulɗa da marasa lafiya ba, ya ci gyaɗarsa a can. A ba ni izini katunan awo su dawo ɗakina, mace ta shigo kai tsaye ba sai ta faɗi komai a waje ba. Sannan a aiko wani babba ya je gidan mahaifin Musa ya ba dattijon haƙuri da sunan asibiti, don na je da kaina, amma laifin ya fi ƙarfin haƙurin da zan bayar ni kaɗai.

Na yi magana da Musa a wajen aikinsa. Yaro ne mai hankali, ya tsorata da na faɗa masa gaskiyar halin matarsa. Ya ce zai goyo ta a babur da kansa ranar Larabar nan mai zuwa, bisa sharaɗi ɗaya, ya leƙa ya ga ba Malam Sabi'u ne a tagar ba. In shi ne, zai juya da ita gida. Na ce masa ba zai gan shi ba. Na faɗi haka ba ni da ikon cire kowa daga ko'ina, sai dai dogaro da cewa wasiƙar nan za ta iso gare ka kafin ranar. Jinin Saudatu ba zai jira wata Larabar ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da mutunci, ya raba matanmu da abin da ke cikinsu lafiya.

Wassalam.

Binta, ɗakin awo.