Harsashin da Na Ce Ba Ya Tashi

Dakoro, daren Talata

A shaida: randar gidan nan ta riga mu gidan gaskiya yau da la'asar.

Ƙanena Idi, mai sayo dabbobi a Azagor, ya nuna mini 'yar bindigar da ya samo saboda 'yan fashi, irin mai juyawar nan, ba ta fi tafin hannu ba. Harsasanta na pistole ne, bindigar hannu ta jandarma. Na yi dariya, na ce na karanta, ba sa tashi a irinta.

"Yaya, ajiye ta," in ji shi.

Na ja kunamar don in koya masa ilimi. Harsashin ya tashi, ya fasa randar.

Tashin matata Hadiza ke nan daga gindin randar.

Idi ke da gaskiya. Karatuna bai kai nan ba.